Yaya ake mayar da babin kundi ya zama maƙalar da mujallar antirofoloji za ta karɓa?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa manazarta. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce. Na kammala digiri na uku a fannin antirofoloji, wato nazarin ɗan Adam da al'adunsa, kuma bincikena ya shafi yadda ƙananan 'yan kasuwa suke ba juna bashi ba tare da rubutu ko shaida ba, da abin da yakan biyo baya idan wanda aka amince wa ya kasa biya. Na yi wata goma sha huɗu ina zama a cikinsu, na cika littattafan rubutu shida, na kuma naɗi hira da mutum talatin da biyu.

Da na gama, sai na ɗauki babi na huɗu na kundina, wanda jagoran aikina ya ce shi ne mafi ƙarfi, na rage shi daga kalmomi dubu goma sha shida zuwa dubu tara, na tura wa wata mujalla mai suna a fannin. Domin in cimma adadin kalmomin, sai na cire labarai da yawa na abin da na gani da idona, na bar bitar ayyukan magabata da bayanin ra'in da na ɗora aikin a kai, saboda a zatona su ne za su nuna cewa na yi karatu. Har da labarin wani dattijo da nake zama a rumfarsa na cire. Shi wannan dattijo, duk lokacin da wanda ya ci bashinsa ya zo wucewa, sai ya juya baya ya shiga gyara kayan da tuni a gyare suke, don kada idonsu ya haɗu mutumin ya ji kunya. Na ga ya yi haka fiye da sau goma.

Bayan kwana tara sai ga wasiƙar edita, layi huɗu kacal. Ya ce ba za su ma kai maƙalar gaban masu tantancewa ba, wato masanan da mujalla take ba aiki su auna kafin a buga, domin ba ta fayyace abin da ta ƙara a kan muhawarar da mujallar take bi ba. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu ban fahimci inda na kuskure ba, tunda kwamitin da ya jarraba ni ya yaba wa babin.

Tambayoyina su ne: me edita yake nufi da wannan magana, kuma ta ina zan fara gyara? Shin ya halatta in tura maƙalar wa mujallu biyu a lokaci guda don in rage jira? Sannan tun da na gabatar da takarda a wani taro nake samun saƙonnin imel daga wasu mujallu da ban sani ba, suna alkawarin buga aikina cikin mako biyu. Ina iya amsa musu? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a karatun da aka kammala. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki, domin irin wannan wasiƙa ba hukunci ba ce a kan bincikenki. Editan bai ce abin da kika gano ƙarya ne ko maras amfani ba. Abin da ya ce shi ne bai ga maganar da kike son yi ba, kuma daga bayaninki ina ganin na san dalili.

Kundin digiri da maƙalar mujalla aikinsu daban ne. Kundi ana rubuta shi ne don mutum uku ko huɗu waɗanda wajibinsu ne su karanta, kuma abin da suke nema shi ne hujjar cewa ɗalibi ya san fagen, ya karanta magabata, ya iya bincike. Shi ya sa kwamitinki ya yaba, kuma yabon yana kan hanya. Mai karanta mujalla kuwa babu wanda ya tilasta shi, kuma bai damu da yawan abin da kika karanta ba. Tambayarsa ɗaya ce: wane abu ne na ɗauka na sani, wanda wannan marubuciya za ta nuna mini ba haka yake ba, ko bai cika ba? Babi yana iya ɗaukar magana biyar, domin babin da ke gabansa da na bayansa suna tallafa masa. Maƙala ita kaɗai take tsaye, saboda haka magana ɗaya take iya ɗauka, sai hujjojin da za su riƙe ta. Idan aka datse babi aka tura, abin da yake isa teburin edita shi ne guntun kundi, kuma editoci suna gane shi tun daga shafin farko.

Abin da ya fi jan hankalina a tambayarki shi ne dattijon da kika cire. A ganina, Malama, maƙalar kika cire, kika tura ragowar. Ki duba abin da wannan mutum yake yi. Bayanin da aka fi sabawa da shi game da bashin amana shi ne cewa tsoron zubewar mutunci ne yake sa mutum ya biya, wato mai bin bashi yana riƙe da makamin tona asiri. Ke kuma kin zauna kin ga mai bin bashi yana wahalar da kansa don ya kare mutuncin wanda yake bi, har yana gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Me ya sa? Shin don mutuncin wancan shi ne jinginar da ke hannunsa, idan ya zube kuɗin ma sun tafi? Ko don shi ma kasuwa tana kallonsa, tana auna irin mutumin da yake? Ko akwai wani abu da mutanen suka faɗa miki da bakinsu wanda ya wuce waɗannan biyun? Ke ce kika sani, domin amsar tana cikin littattafanki shida. Duk amsar da kika tsayar, ita ce maganar maƙalarki, kuma ya kamata ki iya faɗinta a jimla biyu ga wanda ba ɗan fannin ba. Idan ba ki iya ba tukuna, to lokacin rubutu bai yi ba, lokacin komawa ga littattafan ne.

A fanninmu, bayanin abin da aka gani a fage shi ne hujja. Masanin tattalin arziki yana da jadawalin alƙaluma, mu kuma muna da wanda ya juya baya, da lokacin da ya juya, da wanda yake kallo, da abin da aka ce bayan mutumin ya wuce. Mai tantancewa yana so ya ga isasshen abin da zai sa ya iya yarda da fassararki ko ya yi jayayya da ita. Don haka shawarata ita ce ki buɗe sabon shafi, kada ki sake taɓa babin da almakashi. Ki fara da wannan rumfa, ki nuna abin da ya faru a sakin layi biyu ko uku, sannan ki faɗi abin da ya ɗaure kai a ciki, sannan ki faɗi matsayinki, duk kafin ƙarshen shafi na biyu. Bitar magabata kuma ki rage ta zuwa waɗanda kike magana da su kai tsaye. Tun nazarin da masanin Faransa Marcel Mauss ya fitar a 1925 a kan kyauta da wajibcin rama ta ake tattauna dangantakar bayarwa da nauyin da take ɗorawa, kuma rubuce-rubucen da suka biyo baya ba su ƙirguwa. Ba aikinki ba ne ki jero su. Ki zaɓi 'yan kaɗan da bincikenki ya gaskata ko ya ƙaryata, ki faɗi dalili.

Sai batun zaɓen mujalla, wanda nake ganin ya kamata ya riga rubutu. Kowace mujalla zaure ce da ake wata hira a cikinta, kuma wanda ya shigo bai saurari abin da ake cewa ba ya kama magana, ba za a ba shi kunne ba ko da gaskiya ya faɗa. American Anthropologist, wadda ta fara fitowa a 1888, ta Ƙungiyar Masana Antirofoloji ta Amurka ce, kuma tana ɗaukar rassan fannin huɗu: al'adu, da harshe, da halittar jikin ɗan Adam, da binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Wanda zai rubuta mata dole ya yi magana yadda ɗan wani reshe zai ga abin da ya shafe shi. American Ethnologist, da ta fara a 1974, ta fi karkata ga aikin fage mai zurfi wanda aka ɗaure da ra'i. Current Anthropology, wadda Sol Tax ya kafa a 1959 da tallafin gidauniyar Wenner-Gren, tana da wata al'ada ta musamman: manyan maƙalunta akan buga su tare da sharhin wasu masana da kuma martanin marubuci, duk a fitowa ɗaya. A Ingila akwai mujallar Royal Anthropological Institute, wadda ta haɗe da tsohuwar mujallar Man ta koma sunanta na yanzu a 1995, da kuma Africa, ta Cibiyar Nazarin Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, da take fitowa tun 1928. Ga mai aiki irin naki kuma akwai Economic Anthropology, wadda ta fara a 2014, kuma batun bashi da musaya shi ne abincinta na kullum.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda kika dace ita ce ki duba manazartarki. Mujallar da sunanta ya fi maimaituwa a cikin ayyukan shekaru goma na baya-bayan nan da kika dogara da su, galibi nan ne ake hirar da kike son shiga. Ki karanta fitowarta ta shekara biyu ko uku, ki lura da yadda maƙalun suke buɗewa, da inda suke faɗin matsayinsu, da yawan filin da suke ba labarin fage. Ina kuma ba ki shawara ki ba mutum biyu sabon rubutun kafin ki tura: ɗaya ɗan fannin, ɗaya wanda ba ruwansa da shi. Ki tambayi kowannensu ya faɗa miki maganar maƙalar a taƙaice. Idan abin da suka faɗa ya saɓa wa abin da kike nufi, gyara bai ƙare ba.

Ma'aikaciyar Laburare ta rubuta:

'Yar'uwa, Malam ya gama magana a kan gundarin aikin, ni zan amsa sauran tambayoyin biyu in ƙara da abubuwan da nake ganin suna kayar da mutane a bakin ƙofa.

Tura maƙala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda bai halatta ba. Kusan kowace mujalla tana sa marubuci ya tabbatar, a lokacin turawa, cewa aikin ba ya gaban wata mujalla kuma ba a taɓa buga shi ba. Kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE, wanda aka kafa a 1997 kuma manyan kamfanonin wallafa suke bin ƙa'idojinsa, yana lissafa wannan cikin saɓa wa ɗa'a. Kuma asiri yakan tonu cikin sauƙi, domin masanan da suka ƙware a kan batu ɗaya ba su da yawa, sai editoci biyu su aika wa mutum ɗaya aiki ɗaya. Idan jira ya yi tsawo, abin da ya dace shi ne ki rubuta wa edita cikin ladabi ki tambayi halin da ake ciki, idan kuma kin yanke shawarar janyewa ki sanar a rubuce, ki sami amsa, sannan ki tura wani wuri. Tantancewa a wannan fanni takan ɗauki watanni, saboda masu yin ta malamai ne da suke yi a kan sauran ayyukansu, galibi ba tare da an biya su ba.

Wannan shi ne ma abin da zai nuna miki halin masu aiko miki da imel. Wanda ya yi alkawarin bugawa cikin mako biyu ya riga ya gaya miki cewa babu wanda zai karanta aikin. Irin waɗannan mujallu kuɗin marubuci suke nema, suna tattara adireshi daga jerin mahalarta taruka, sukan kuma ɗauki suna mai kama da na sanannar mujalla. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayensu kafin ya rufe jerin nasa a farkon 2017. Asarar da ke ciki ta wuce ta kuɗi: da zarar sun buga aikin, ya zama bugagge, mujallar kirki ba za ta sake karɓarsa ba, wata goma sha huɗu na wahala sun tafi a banza. Kafin ki amince da mujallar da ba ki sani ba, ki duba ko tana cikin kundin DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, ki duba ko malaman da aka jera a matsayin editoci sun ambaci mujallar a shafukan jami'o'insu, ki kuma karanta maƙala biyu daga cikinta. Ba kowace mujalla mai karɓar kuɗin wallafa ce ta bogi ba, kuma da yawa daga cikin na ƙwarai ba su karɓar komai daga marubuci idan bai zaɓi a buɗe maƙalarsa ga kowa ba.

Game da shirya takardar kanta, ki nemi shafin ƙa'idojin marubuta na mujallar da kika zaɓa, ki bi shi layi bayan layi. Adadin kalmomi a manyan mujallun fannin yakan faɗa tsakanin dubu takwas da dubu goma, amma abin lura shi ne ko adadin ya haɗa da manazarta da ƙarin bayanan ƙasan shafi, domin a nan mutane suke zarcewa ba su sani ba. Mujallun ƙungiyar Amurka suna bin tsarin Chicago na sunan marubuci da shekara, wasu kuma suna da nasu. Yawancinsu suna ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, su ma a ɓoye nasu gare shi, don haka sai ki cire sunanki daga jikin rubutun, ki cire godiya da sunan jami'a da na wanda ya ba da tallafi, ki sa su a takarda dabam. Inda kika kafa hujja da kundinki, ki bi yadda mujallar ta ce a ɓoye. Akwai kuma wurin da ake yawan mantawa: fayil ɗin kwamfuta yana ajiye sunan mai shi a cikin bayanansa na ciki, haka ma gyare-gyaren da aka yi da alamar bin sawu, sai an shiga an goge. Na taɓa ganin takardar da aka tsabtace tsaf, amma sharhin jagoran aikin yana nan a gefen shafi na sha ɗaya da cikakken sunansa.

Tsakure kuma, wato gajeren bayanin abin da maƙalar ta ƙunsa da ake sa wa a farkonta, kada ki bar shi sai daren turawa. Shi edita yake fara karantawa, da shi kuma ake gayyatar masu tantancewa. Ya faɗi inda aka yi aikin da tsawon lokacinsa, da abin da aka gano, da abin da hakan ya sauya. Jimlar da ke cewa maƙalar za ta tattauna kaza da kaza ba ta gaya wa kowa komai ba. Ki buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da take bambanta shi da masu irin sunansa, idan ba ki da ita, kyauta ce, kuma shafukan turawa da yawa suna tambayarta.

Mai Neman Sani ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam, Allah ya ƙara girma. Na koma littafina na uku a daren jiya, na sami inda dattijon ya ce mini wanda aka kunyata ya riga ya biya da fuskarsa, ba zai sake biya da aljihunsa ba. Na rubuta maganar da hannuna, amma ban taɓa ganin nauyinta ba sai yanzu. Yaya, ke ma na gode, na goge waɗancan saƙonni.

Sai dai dawo da labarin ya tayar mini da wata matsala. A kundin na canza sunayen kowa. Amma shi dattijon ya sha gaya mini cewa idan na rubuta littafi in sa sunansa na gaskiya, domin yana alfahari da yadda yake mu'amala. Idan na sa sunansa, duk wanda ya san wurin zai gane wanda ake bi bashin, shi kuma ban taɓa neman izininsa a kan wannan ba, hasali ma bai san na lura ba. Sannan ban karɓi sa hannun kowa a takarda ba, da baki suka amince, domin yawancinsu suna ɗari-ɗari da duk takardar da aka ce su sa wa hannu. Shin wannan zai hana mujalla karɓar aikin?

Ɗan Fage ya rubuta:

Malama, wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, kuma na ji daɗi da kika yi ta tun kafin turawa.

Batun sa hannu shi ne mai sauƙi. Bayanin ɗa'ar aiki da ƙungiyar Amurka ta amince da shi a 2012 ya fayyace cewa amincewar wanda ake nazari ba lallai sai ta kasance a rubuce ko da sa hannu ba, ingancin amincewar ake dubawa. Masu wannan fanni sun san cewa a wurare da yawa takarda tana tsorata mutane fiye da yadda take kare su. Abin da ake so shi ne ki bayyana a sashen hanyoyin bincike yadda kika gabatar da kanki, da abin da kika gaya musu za a yi da maganarsu, da dalilin da ya sa aka tsaya a kan amincewar baki. Idan kwamitin ɗa'a na jami'arki ya ba ki izini, ki ambata, domin wasu mujallu da kamfanonin da ke buga su suna tambaya a shafin turawa.

Batun suna kuwa, ƙa'ida ta farko a wancan bayani ita ce kada a cutar. Dattijon yana da haƙƙin a ambace shi, kuma akwai masana da yawa a yau da suke ganin ɓoye sunan wanda ya ba ka iliminsa wani nau'i ne na tauye shi. Amma izininsa bai wuce kansa ba. Ba shi da ikon yafe sirrin mutumin da yake bi, kuma abin da zai fi zama abin takaici shi ne maƙalar da take bayanin yadda ya rufa wa wani asiri ta zama ita ce ta tona asirin. Ina ganin idan kika koma kika faɗa masa haka, shi ne zai fara cewa a cire sunan. Ki je ki same shi idan da hali, ki karanta masa sakin layin da ya shafe shi a harshen da kuka yi hira, ki ji abin da zai ce. Kina iya gode masa ta hanyar da shi zai gane kansa ba tare da wani ya gane ba.

Kada kuma ki ɗauka canza suna ya wadatar. Masaniyar antirofoloji Nancy Scheper-Hughes ta yi nazari a wani ƙauye a yammacin Ireland, ta fitar da sakamakon a 1979 da sunayen aro ga ƙauyen da mutanensa. Ba a daɗe ba wani ɗan jarida ya gano ƙauyen, mutanen kuma kowa ya gane kansa ya gane maƙwabcinsa, suka ji an ci amanarsu, kuma da ta koma bayan kimanin shekara ashirin ba ta sami kyakkyawar tarba ba. Ita da kanta ta rubuta daga baya cewa sunan aro ya fi kare mai bincike fiye da waɗanda ya bincika. Yau da ake samun maƙala a wayar hannu, sai ki rubuta da zaton cewa ɗan wanda ake bi bashin zai karanta. Ki duba irin kayan da ake sayarwa, da wurin da rumfar take, da shekaru, da duk wata alama ta jiki ko ta iyali. Abin da hujjarki ba ta dogara da shi ba, ki cire ko ki sauya, ki kuma faɗa a fili cewa kin sauya wasu bayanai don kare mutane. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙirƙirar abin da bai faru ba, ko haɗa mutum uku su zama ɗaya ba tare da an sanar da mai karatu ba.

Ƙari ɗaya a kan maganar da kika samo a littafinki na uku. Idan za ki fassara ta zuwa harshen mujallar, ki kawo ta da asalin harshen da aka faɗe ta tare da fassarar, musamman kalmar da ya yi amfani da ita a wurin kunya ko mutunci, domin a kanta hujjarki za ta tsaya, kuma mai tantancewa da ya san harshen zai so ya ga ko fassarar ta ɗauki nauyin da kika ɗora mata.

Tsohon Malami ya rubuta:

Na yarda da abin da ɗan'uwa ya faɗa, sai dai ina ƙara jan hankali a kan sauya bayanai: kada a sauya abin da zai canza ma'anar lamarin. Idan dattijon ya girmi wanda yake bi, ko akwai auratayya a tsakaninsu, wannan yana cikin dalilin juya bayan, ba a taɓa shi.

Malama, ki shirya wa abin da zai biyo bayan turawa ta biyu. Da wuya ƙwarai a karɓi maƙala yadda aka turo ta. Amsar da ake fata ita ce a gyara a sake turowa, kuma na ga matasa da dama sun ɗauke ta a matsayin kora, suka jefa takardar a aljihun tebur, alhali ƙofa ce aka buɗe musu. Rahotannin masu tantancewa biyu ko uku za su zo, wani lokaci suna karo da juna, wani ya ce a ƙara ra'i wani ya ce a rage. Ki karanta su, ki ajiye su kwana uku, sannan ki koma ga wasiƙar edita, domin a nan yakan nuna gyaran da ya fi ba muhimmanci. Idan kin gama gyara, ki haɗa da takarda dabam da ta bi maganganunsu ɗaya bayan ɗaya, ki faɗi abin da kika yi da shafin da yake. Inda ba ki yarda ba kina da damar ƙi, muddin kin kawo dalili daga abin da kika gani a fage, cikin ladabi. Ki kiyaye wa'adin da aka ba ki, idan kuma ba zai yiwu ba ki nemi ƙari tun kafin ya cika.

Idan kin tsayar da jimlolin nan biyu da suka ƙunshi matsayinki, ki kawo su nan tare da tsakuren, mu duba su kafin ki ci gaba da sauran rubutun.